Bindigar Kawu da neman harsashin da ba dalma

2 ga Maris, 2024

Yau na ɗauko bindigar Kawu, Allah ya jiƙansa, bayan an gama mayar da takardunta da sunana. Mai baki biyu ce, gefe da gefe, lamba 12, ƙirar Birmingham. Ƙotarta ta yi duhu ta yi santsi daidai inda kumatunsa ke kwanciya, baƙin jikin ƙarfen kuma ya koɗe a wurin da hannun hagu ke riƙewa. Burina ɗaya ne: in fita da ita farautar agwagin daji kafin shekarar nan ta ƙare, ba tare da na lalata ta ba, ba kuma tare da na zuba guba a ruwa ba.

Duk tsawon rayuwarsa da harsashin dalma ya yi aiki da ita. Ni ba zan yi ba. Doka ta hana a inda nake farauta, amma ko babu doka na ga abin da idona. Bara na tsinci wata agwagwa a cikin ciyawar bakin fadama, babu rauni ko ɗaya a jikinta, amma fikafikanta sun saki, ƙirjinta ya rame har ƙashin ya fito kamar kaifin wuƙa, gashin gindinta ya ɓaci da koren kashi. Ko gudu ba ta yi ba da na sunkuya. Agwagwa ba ta da haƙori, tsakuwa take haɗiya ta ajiye a ƙundu don niƙa abinci. Harbi ɗaya yana watsa ƙwayoyi ɗari biyu ko fiye, 'yan kaɗan ne ke samun tsuntsu, sauran su nutse a laka. Ita kuwa ba ta bambance ƙwayar dalma da tsakuwa. Ƙundu ya niƙe ta, ta shiga jini, kuma ƙwaya ɗaya ko biyu na iya kashe ta. Mikiyar da ta ci mushen ma ta kwashi rabonta.

Ba sabon sani ba ne. Masanin halittun daji George Bird Grinnell ya yi rubutu a kai tun 1894, sannan a 1959 masanin tsuntsayen ruwa Frank Bellrose, bayan dogon bincike a jihar Illinois, ya ƙiyasta cewa kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari na tsuntsayen ruwan Amurka ta Arewa ne dalma ke kashewa duk shekara. Amurka ta hana farautar tsuntsayen ruwa da dalma a ƙasar baki ɗaya a 1991, Denmark ta hana ƙwayar dalma gaba ɗaya a 1996, Kanada da Ingila suka kafa nasu dokokin a 1999, Tarayyar Turai kuma tun 15 ga Fabrairun 2023 ta hana harba ta a cikin dausayi ko tazarar mita 100 daga gare shi.

16 ga Maris

Na kwance bututun na juya su, na goge ƙasansu da tsumma mai ɗan mai har tambura suka fito. Akwai kambi a kan NP, alamar an gwada ta da albarushin zamani mara hayaƙi a gidan gwajin bindigogi na Birmingham, wanda yake aiki tun 1813. Akwai 2½ da alamar inci, akwai kuma 1⅛ oz, wato giram 32 ke nan na ƙwaya. Abin da na nema na rasa shi ne tambarin furen nan mai kunne uku da Faransawa ke kira fleur-de-lys, wanda ake bugawa a bindigar da aka gwada da harsashin ƙarfe mai ƙarfi. Dama ban sa rai ba, don an ƙera ta tun kafin wani ya yi tunanin ɗura ƙarfe a bindigar tsuntsaye.

Na ji daɗin abu ɗaya: bututun na tsantsar ƙarfe ne, ba irin na Damaskus ba da ake murɗa sirarun ƙarafa a kan sanda a haɗe su da wuta da guduma. Da shi ne, da maganar ƙwayar ƙarfe ta mutu tun yau.

6 ga Afrilu

Na kai ta wurin wani dattijo maƙerin bindiga. Wannan ita ce rana mafi amfani tun da na fara, don haka zan rubuta komai.

Bai fara da awo ba. Ya rataye bututun da zare, ya ƙwanƙwasa su da bayan biro. Suka yi ƙara mai tsawo kamar ƙararrawa. Ya ce da liƙin da ya haɗa bututun biyu da sirarun ƙarafan tsakaninsu ya saki a wani wuri, da ƙarar ta fito a dakushe kamar an bugi fasasshen kasko. Daga nan ya ɗaga su saitin taga, ya rufe ido ɗaya, ya daɗe yana bin inuwar da ke cikin kowane ɗaya, yana neman lotsawa ko kumburi. Babu.

Sai awo. Mazaunin harsashi milimita 65 ne, babu wanda ya taɓa ƙara masa tsawo. Faɗin cikin bututu 18.5, yadda ya kamata lamba 12 ta kasance. Matsin baki, wato ƙuncin da ake yi wa ƙarshen bututu don ƙwayoyi su fita a dunƙule, a dama rabin milimita ne, abin da ake kira rabin matsi, a hagu kuwa ya kusa milimita ɗaya, cikakken matsi ke nan. Inda ya fi ɓata lokaci shi ne kaurin bango. Ya zura ma'aunin yana jan bututun a hankali yana juya shi, allura tana motsi. Na dama bai sauka ƙasa da 0.66 ba. Na hagu ya sauka 0.56 a wani wuri kamar taƙi ɗaya kafin baki. Masu sana'ar ba sa son ganin abin da ya gaza rabin milimita, ke nan tana da sauran rai, amma babu rarar da za a yi wasa da ita.

Na ce, “Baba, to za ta ɗauki ƙarfe?”

Ya ajiye ma'aunin. “Ɗana, za ta harba shi. Tambayar ita ce sau nawa, kuma me za ka gani a bakin hagun nan bayan haka.”

Ya yi mini bayani da hannunsa. Ƙwayoyin dalma idan suka iso matsin baki suna lotsewa su ba juna hanya. Na ƙarfe ba sa lotsewa. Sai su cushe wuri ɗaya kamar jama'a a ƙuntatacciyar ƙofa, kuma tunda su ba za su ba da kai ba, bango ne zai ba da. Abin da ke biyo baya shi ne wani kumburi kamar zobe a bayan matsin. A bindiga mai baki ɗaya sau da yawa muni ne kawai. A mai baki biyu, da bututun ke manne da juna a baki, kumburin na iya ɓalle liƙin, ruwa ya riƙa shiga tsakani yana cin ƙarfe ba a gani. Sannan idan kofin robar da ke rungume ƙwayoyin ya tsage, ƙarfe zai goga ƙarfe ya bar zane a ciki.

Bai ce ƙarfe haramun ne ga kowace tsohuwar bindiga ba, kuma na yaba masa da wannan adalcin. Hukumar CIP mai tsara ƙa'idar gwajin bindigogi da harsasai, wadda Birtaniya, Beljiyam, Jamus, Italiya, Faransa da wasu ƙasashe ke bin ƙa'idarta, ta raba harsashin ƙarfe gida biyu. Akwai na gama-gari, wanda a lamba 12 ƙwayarsa ba ta wuce milimita 3.25, gudunsa ba ya wuce mita 425 a daƙiƙa, kuma ana iya harba shi a lafiyayyar bindiga mai tambarin albarushin zamani, an fi so matsinta kada ya wuce rabi. Akwai kuma mai ƙarfi, wanda sai mai tambarin fure. Ke nan bakin dama na iya ɗaukar na gama-gari. Na hagu ne matsalar.

20 ga Afrilu

Na yi kuskure, zan rubuta shi don yana da sauƙin yi. Na sayi kwali ɗaya na harsashin bismut, wani ma'adini mai laushi da ake sawa a madadin dalma, ban duba tsawo ba. Na zura ɗaya ya shige lafiya lau, bindiga ta rufu. Sai da na juya kwalin na ga 70. Tsawon da ake rubutawa na kwanson da ya riga ya buɗe ne bayan harbi. Kafin harbi bakinsa a naɗe yake, shi ya sa na 70 ke shiga mazaunin 65 ba gardama. Da na harba, da bakin ya buɗe a cikin mazurarin da ke kai wa bututu, ya rage wa ƙwayoyi hanya, matsin iskar albarushi ya ƙaru a bindigar da ba a gwada ta don haka ba. Na ba wani abokin farauta mai sabuwar bindiga. Daga yau tsawo nake fara karantawa kafin komai.

11 ga Mayu

Na yanka harsasai huɗu na zazzage ƙwayoyinsu a faranti huɗu: tsohuwar dalmar da na samu a jakar Kawu, ƙarfe, bismut, da tangistan, wani ma'adini mai nauyi da tauri, irin wanda ake cuɗa garinsa da roba. Na matse ƙwaya ɗaya daga kowanne da filaya. Dalma ta baje kamar ƙullu. Ta ƙarfe ta zille ta bar ɗan tabo a haƙorin filayar, kuma wannan tabon ya fi duk bayanin da na karanta shiga kaina. Bismut ta ɗan lotse sannan ta tsage gida uku. Ta tangistan da roba ta lotse ba ta fashe ba.

Nauyi shi ne kan maganar. A kowane dunƙule mai santimita ɗaya a tsawo, faɗi da tsayi, dalma na da giram 11.3, ƙarfe 7.8, bismut da aka haɗa da ɗan kuza wajen 9.6, tangistan da roba wajen 10.8. Ƙwaya mara nauyi tana saurin rasa gudu a iska, ta isa jikin tsuntsu ba ƙarfin ratsa gashi da tsoka. Shi ya sa ake cewa mai komawa ƙarfe ya ƙara girman ƙwaya da lamba biyu, mai komawa bismut ya ƙara da ɗaya. A nan ne ƙarfe ya ɗaure ni: girman da zai kashe babbar agwagwa daga nesa ya wuce abin da bindigata ke iya ɗauka, wanda take iya ɗauka kuma na kusa ne kawai.

Akwai wani tarko a lambobin. Lamba 4 ta Amurka milimita 3.3 ce, ta haura iyakar 3.25 da kaɗan. Lamba 4 ta Ingila 3.1 ce, tana ciki. Lamba ɗaya, hukunci biyu. Ƙari a kan haka, Amurka ba ta cikin CIP, tana da nata ma'aunin na SAAMI, kuma yawancin harsasanta na ƙarfe na farautar agwagi suna gudun ƙafa 1,400 zuwa 1,550 a daƙiƙa, sun wuce iyakar na gama-gari. Na daina magana da lamba, milimita nake rubutawa.

Kalmar tangistan a kwali ma ba ta isa shaida ba. Wanda aka narka da nikel da ƙarfe, da wanda nauyinsa ya kai giram 18, sun fi ƙwayar ƙarfe tauri, kuma ba su da wuri a tsohon bututu. Mai laushin kawai, na roba, shi ne ya dace. A ganina ya fi bismut kyau ta kowace fuska, sai dai ban same shi a tsawon 65 ba duk neman da na yi, ga tsada.

1 ga Yuni

Makonni uku ina juya maganar buɗe matsin hagu zuwa rabi. Aiki ne na yini ɗaya, daga nan sai in riƙa harba ƙarfen gama-gari, wanda bismut ya ninka shi kuɗi sau da yawa. Mutane da dama sun yi haka sun zauna lafiya, ban ga laifinsu ba.

Ba zan yi ba. Ƙarfen da aka kankare ba ya dawowa, kuma buɗe baki ba zai ƙara wa wurin nan mai 0.56 kauri ba. Ƙara tsawon mazaunin zuwa 70 kuwa ya fi muni, don ana cire ƙarfe ne a inda matsin iskar albarushi ya fi yawa, kuma a dokar Birtaniya yin hakan yana soke tambarin gwaji sai an sake gwadawa. Na lissafa harbin da nake yi a kakar farauta guda, bai fi kwali uku ba. Wanda ke harba ɗaruruwa lissafinsa daban. Bismut ke nan, tsawon 65, giram 30.

22 ga Yuni

Ranar takarda ta farko. Na kafa faffaɗan kwali a yadi 40, na auna da igiya ba da taku ba, ina harbi ɗaya in sauya takarda, in zana da'ira mai faɗin inci 30 a inda ƙwayoyi suka fi taruwa, in ƙirga ramuka ina yi wa kowanne ɗigo da jan biro. Harbi biyar ga kowane baki, don harbi ɗaya ba ya faɗin gaskiya.

Sakamakon bai yi mini daɗi ba. Bakin dama ba laifi. Na hagu ya bar gurabe da agwagwa za ta ratsa ba ƙwayar da ta taɓa ta, sannan a gefen ramukan ƙwarai akwai wasu ƙanana kamar an tsira allura. Gutsattsarin ƙwayoyin da suka farfashe ne. Bismut na da wannan halin, gautsi, kuma shi ne ya ɓata masa suna a shekarun 1990 lokacin da ya fara fitowa, kafin a ƙara masa kuza. Ƙwayar da ta fashe a bututu ta tashi daga aiki, ba ta kisa, sai dai ta raunata. Na kwashe takardun na dawo jikina a sanyaye.

13 ga Yuli

Na gwada na wani kamfanin daban, girma biyu, masu toshin takarda a madadin kofin roba. Wannan ma wata riba ce ta bismut: tunda ba ya goge bututu, ba dole sai da roba ba, ba zan bar tarkacenta tana yawo a kan ruwa ba. Kafin in fita na matse ƙwaya biyar da filaya, huɗu suka lotse ba su tsage ba.

Na ƙirga abin da ke cikin kwanso: mai milimita 3.0 ƙwaya 218, mai 3.3 ƙwaya 165. A yadi 40, matsakaicin harbi biyar, ƙaramar ta sa 128 a da'ira daga dama, 146 daga hagu. Babbar ta sa 98 daga dama, 113 daga hagu. Ramukan allura sun kusa ɓacewa, kuma watsuwar ta yi daidai, ba gurabe.

Don in san ma'anar lambobin na koma ga jadawalin Tom Roster, wanda ya shafe shekaru yana nazarin kisan harsasai marasa guba. A wurinsa babbar agwagwa na buƙatar aƙalla ƙwaya 85 zuwa 90 a da'irar, ƙananan agwagi kuma 135 zuwa 145. Da ƙarfe da tangistan ya yi aikinsa, ni aro na yi. A kan wannan ma'aunin, babbar ƙwaya ta isa ga manyan agwagi daga kowane baki, amma ta yi ƙaranci ga ƙanana, don jikinsu ƙarami ne, sai raga mai ƙananan idanu. Na kuma jera jiƙaƙƙun jaridu na harba. A yadi 30 duka biyun sun nutse sosai. A 40 ƙaramar ta tsaya da wuri, bambancin a fili yake ko ba a ƙirga shafi ba.

Tsarin da na tsayar: 3.0 a dama don harbin farko na kusa, 3.3 a hagu don na biyu idan tsuntsu ya juya baya yana nisa. Iyakata yadi 35.

24 ga Agusta

Wata guda ina koyon gane yadi 35 da ido. A kan ruwa komai yana yi wa mutum kamar kusa. Ina zaɓar wani abu, in faɗi nisansa, sannan in auna, kuma da farko kusan kullum ya fi yadda na zata nisa. Yanzu na fara daidaita.

Na gwada maganaɗisu a farantan nan. Ƙarfe ya manne, bismut ko motsi, kamar dalma. Tunda jami'in da ke duba mafarauta zai iya gwadawa haka, zan riƙa fita da harsasan a cikin kwalinsu na asali. Ragowar dalmar Kawu na fitar da ita daga jakar gaba ɗaya, har aljifan ciki na zazzage, don a wurare da yawa samun ta a jikinka a bakin ruwa ma laifi ne ko ba ka harba ba.

12 ga Oktoba

Fitar farko. Tun da duhu na kafa sanda a cikin ruwa a yadi 35, na koma na zauna. Garken farko ya wuce can sama, na bar shi. Na biyu, su huɗu, suka sauko da fikafikai a lanƙwashe suka shigo cikin sandar. Na ɗaga, kumatuna ya sauka a wurin nan mai santsi, na ja kunamar gaba. Namijin da ke gaba ya naɗe a sama ya faɗo, bai ko motsa ba. Na daɗe a tsaye da bindigar a buɗe a hannu kafin in shiga ruwa in ɗauko shi.

Harbi bakwai, agwagi uku. Da na feɗe na farkon na samu ƙwaya biyar, uku sun ratsa, biyu sun tsaya a ƙarƙashin fatar ɗaya gefen, ɗaya a cikinsu ta tsage a kan ƙashi.

9 ga Nuwamba

Makon jiya na karya dokar da na kafa wa kaina. Wata ta wuce bayan sanda, na ga kamar za ta yiwu, na harba hagu. Gashi ya tashi, ƙafa ɗaya ta saki, ta ci gaba da tafiya tana sauka a hankali har ta faɗa cikin ciyawa mai nisa. Na yi sama da awa ɗaya ina nema ban same ta ba. Harsashin bai yi laifi ba, takarda ta riga ta gaya mini inda ƙarfinsa ya tsaya. Abin bai bar raina ba har yau. Na matso da sandar zuwa yadi 32.

Dinya kuwa na cire ta daga lissafi da wannan bindigar. Giram 30 ba zai ɗauki isassun manyan ƙwayoyin da jikinta ke buƙata ba. Ranar da na so farautarta, sai da wata bindigar mai tambarin fure.

Yau na mayar da ita wurin Baba bayan harbi 94, har da na takarda. Ya rataye bututun ya ƙwanƙwasa, ƙarar na nan yadda take. Ya bi bakin hagu da yatsa daga waje, ya ɗaga shi saitin taga, sannan ya zura ma'auni: 0.56, matsin ma bai motsa ba. Ya nuna mini wani ɗan sako-sako da ya fara a inda bututun ke haɗuwa da jikin bindigar, wanda ya ce na shekaru ne, ba na bismut ba, kuma a gyara shi kafin ya yi nisa. Na bar masa ita, zan karɓa ranar 23.